Yadda na cire kaki na koma aji har na zama lauya

Tun da abokan da muka yi aikin soja tare suka ji an rantsar da ni a matsayin lauya suke ta kirana, wasu don taya murna wasu kuma, musamman waɗanda ritayarsu ta matso, don su ji ta ina na bi, kuma tambayar kusan ɗaya ce a bakin kowa, wai shin muƙamin da na bari a soja ya rage min hanya ko kuwa? To bari in faɗa tun daga nan, bai rage min ko taku ɗaya ba. Layin da yaro ɗan shekara ashirin ya bi shi na bi, fom ɗin da ya cike shi na cike, kuma yanzu da na gama ina ganin hakan shi ne daidai. Zan faɗi yadda abin ya gudana daga farko, amma sai na ɗan koma baya tukuna saboda in ban faɗi dalilin ba sauran ba zai yi ma'ana ba.

Ni NDA ta Kaduna na yi, wato makarantar horas da hafsoshin soja, na fito da digiri a tarihi da igiyar laftanar na biyu, ban jima da fitowa ba rikicin Laberiya ya ɓarke. Ga waɗanda ba a haifa ba a lokacin, a Disambar 1989 ne Charles Taylor ya shigo da mayaƙansa na NPFL ta iyakar Kodebuwa suka faɗa yankin Nimba, kafin wani lokaci ƙasar ta rushe, sai ECOWAS ta zauna a Banjul ta kafa rundunar ECOMOG da sojojin Najeriya da Gana da Gini da Saliyo da Gambiya, suka sauka Monrobiya a Agustan 1990. Ba a yi wata guda ba mutanen Prince Johnson, madugun wani ɓangaren 'yan tawayen, suka kama shugaba Samuel Doe a hedikwatar ECOMOG ɗin kanta da ke tashar jiragen ruwa suka tafi da shi suka kashe, bayan nan ne Janar Joshua Dogonyaro ya karɓi ragamar rundunar daga Janar Quainoo na Gana. Ni ba na cikin rukunin farko, bataliyarmu ta je daga baya, muna can a Oktoban 1992 lokacin da Taylor ya kawo babban harin nan da ya yi wa laƙabi da Octopus yana son ƙwace Monrobiya da ƙarfin tsiya.

Ba labarin harbe-harbe zan ba ku ba. Abin da ya zauna min a rai daga Laberiya shi ne na ga da idona yadda ƙasa take zama in babu kotu. Ginin kotun yana nan tsaye, amma babu alƙali, babu magatakarda, fayiloli a warwatse a ƙasa ruwa ya jiƙa su. Duk shari'ar da ake yi a shingen hanya ake yin ta, yaro mai bindiga ya tsayar da kai ya tambayi ƙabilarka, in ka ce Krahn ko Mandingo a gaban wanda ba ya son jin haka shikenan, in ka ce Gio ko Mano a gaban ɗaya ɓangaren nan ma shikenan. Shi ne mai tuhuma shi ne shaida shi ne alƙali kuma shi ne mai zartarwa, duk cikin minti biyu. Kuma mu kanmu da muka je raba faɗa matsalar ta same mu ta wata fuskar, domin za a kawo maka yaro da bai wuce shekara goma sha uku ba an kama shi da bindiga, mutanen unguwa sun taru suna ihu wai shi ne ya kashe musu wane, suna cewa a ba su shi, kai kuma matashin hafsa kana tsaye ba ka da inda za ka kai shi a bincika ko gaskiya ne ko ƙarya. An koya mana yarjejeniyoyin Janiba na 1949 kan dokokin yaƙi a aji, mun san ba a taɓa wanda ya ajiye makami, to mun tsare shi mun hana a taɓa shi, amma tambayar shin ya yi ko bai yi ba babu mai amsa ta. Wallahi wannan tambayar ta bi ni shekaru.

Na ci gaba da aiki, na zama kyaftin na zama manjo, kuma a nan ne na fara zama a kotun soja a matsayin mamba. Duk hafsan da ya ɗan daɗe ya san oda, wato yadda kwamanda ke yanke wa sojansa hukunci a ofis kan ƙananan laifuka, samanja ya shigo da shi a guje ba hula ba bel, a karanta masa laifi a tambaye shi a yanke, kafin shayi ya huce an gama. Kotun soja ba haka take ba, akwai shugaba da mambobi, akwai mai gabatar da ƙara, akwai mai kare wanda ake tuhuma, sannan akwai wani hafsa lauya da yake zama gefe yana faɗa mana abin da doka ta ce. Wannan mutumin shi ya fara burge ni. Mu duka mun girme shi a muƙami a wancan zaman, amma in ya ce wannan shaidar ba ta shiga, to ba ta shiga, ko da mu duka a zuciyarmu mun gamsu cewa abin da shaidar ta faɗa gaskiya ne. Na riƙa tambayar kaina me ya sani da mu ba mu sani ba.

Na yi ritaya ina laftanar-kanar. Kusan a daidai wannan lokacin ne kotun musamman ta Saliyo da ta zauna a birnin Heg na ƙasar Holan ta sami Taylor da laifi kan hannunsa a yaƙin Saliyo a Afrilun 2012, ta yanke masa shekara 50. Na kalli zaman a talabijin, mutumin da muka sha wuya a hannun mayaƙansa, wanda ya zauna gudun hijira a Kalaba daga 2003 har aka kama shi a Gamboru a 2006, ga shi tsaye da kwat ana karanta masa hukunci bayan an ba shi lauyoyi ya kira shaidunsa ya yi magana son ransa. Wasu abokaina sun ji haushi wai ɓata lokaci ne. Ni kuwa a ranar na ce wa maiɗakina zan koma makaranta. Ta ce, Alhaji da wannan furfurar? Na ce da ita. Ta yi shiru can ta ce to ai gemu ba ya hana ilimi, Allah ya ba da sa'a.

To yanzu ga hanyar kanta.

Abu na farko da na gano shi ne ba kowane digirin lauya ne yake kai mutum makarantar horas da lauyoyi ba. Akwai majalisar da ke kula da ilimin aikin lauya, ita ke da wannan makarantar da ake kira lo sukul, ita ke amincewa da sashen shari'a na kowace jami'a ta kuma ƙayyade mata yawan ɗaliban da za ta iya turowa, kuma ba ta karɓar digirin da aka yi na wucin gadi, irin na yamma ko na ƙarshen mako. Wannan ya rusa min tsarina na farko don da tunanina in riƙa zuwa aji Asabar da Lahadi ina wani abin a sauran ranakun. Dole sai cikakken ɗalibi, safe zuwa yamma. Duk wanda zai bi wannan hanya ya fara bincika wannan kafin ya biya ko sisi a ko'ina, ya tabbatar jami'ar tana da amincewar majalisar, ya kuma tambayi ko suna ɗaukar ɗalibai fiye da adadin da aka yarje musu, saboda in sun wuce adadi sai ka gama digiri ka zauna jiran layi kafin a tura sunanka.

Na biyu, sakamakon sakandare. Yawancin jami'o'i suna neman kiredit a Turanci da adabin Turanci ga mai son karatun lauya, ni kuwa a zamaninmu ban ɗauki adabi ba. Digirina na tarihi ya ba ni damar shiga kai tsaye aji biyu ta JAMB, amma bai ɗauke min wannan sharaɗin ba. Haka na yi rijistar jarrabawar WAEC ta masu zaman kansu, na sayi littattafan da aka ƙayyade na wasan kwaikwayo da waƙoƙi da ƙagaggun labarai, 'yata da ke jami'a ita ta zama malamata da daddare, in na kawo amsa irin ta rahoton soja, gajeriya an jera ta ɗaya biyu uku, sai ta ce Baba ba haka suke so ba, so suke ka yi bayani ka kawo misali daga littafin. Ranar jarrabawa mai sa ido ya tare ni a ƙofa ya ce iyaye a waje suke jira, na nuna masa katina, ya ba ni haƙuri ya nuna min kujera. Na ci, alhamdulillahi.

Sai tattara takardu, takardar sakamakon digirin farko dalla-dalla wadda makarantar ce ke aika wa jami'a da kanta, takardar sallama daga soja, takardar haihuwa ko rantsuwar shekaru, kuma a tabbatar suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a kowace takarda. Wannan na suna kar a raina shi, mu 'yan da can wani an rubuta Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, a wata ma sunan garinsu aka liƙa masa, kuma a gaba wajen tantancewar rantsarwa za a duba harafi bayan harafi. Ni tun a lokacin na je kotu na yi rantsuwar daidaita suna na ajiye.

Digirin lauya shekara biyar ne, mai shiga kai tsaye huɗu. Zangon farko ya yi min nauyi ba kaɗan ba, ba don karatun ba, don zaman. Mutumin da ya saba in ya shigo a miƙe masa yanzu shi ne yake miƙewa in malami ya shigo, malamin kuma wani bai kai ƙanena na uku ba. Yaran ajinmu Baba suke ce min, wasu Oga Kanar, kuma gaskiya sun riƙe ni da mutunci, suna ajiye min kujera a gaba saboda ido, suna turo min bayanan lakca a waya. Ni kuma na sa wa kaina doka ba zan taɓa ɗaga muƙamina a aji ba, in malami ya ce wanda ya makara ya tsaya a waje to da ni. Makara dai ban taɓa yi ba, wannan kam soja ya gama min ita.

Kwas ɗin da ya fi girgiza ni shi ne dokar tsarin mulki, domin a nan ne na zauna aka karanta min tarihin gidanmu daga ɗaya gefen. Mu a bariki dikiri umarni ne kawai, an fitar an bi. A aji sai ga shari'ar Lakanmi ta 1970, inda Kotun Ƙoli ta ce gwamnatin soja ba ta da ikon ƙwace dukiyar mutum da dikiri ba tare da shari'a ba, gwamnatin kuma ta mayar da martani da dikiri mai lamba 28 na wannan shekarar wanda ya shafe hukuncin ya kuma hana kotuna taɓa duk wani dikiri. Sai dikiri na 2 na 1984 na tsare mutum ba shari'a. Sai shari'ar gwamnan soja na Legas da Ojukwu ta 1986 kan gidan nan na Ikoyi, inda Kotun Ƙoli ta ce gwamnati ba za ta yi amfani da ƙarfi ta fitar da mutum daga gida alhali maganar tana gaban kotu ba. Malamin ya juyo ya ce, Kanar, kai da ka sa kaki a wancan zamanin me za ka ce? Ajin ya yi tsit. Na ce masa a lokacin yawancinmu ƙananan hafsoshi ba mu ma san an yi waɗannan shari'o'in ba, kuma ina ganin ya kamata kowane ɗalibin hafsa ya karanta su tare da sashe na 1 na kundin tsarin mulkin 1999 da ya haramta karɓar mulki ta kowace hanya in ba wadda kundin ya tanada ba. Har yau ra'ayina kenan.

Amma inda aka sake min ƙwaƙwalwa gaba ɗaya shi ne dokar shaida a aji huɗu. A fagen daga in majiya ta ce maka abokan gaba suna bayan wancan dutsen ba ka jira sai ka tabbatar ɗari bisa ɗari, in ka jira za a binne mutanenka, kana auna labarin ne ka yanke shawara da abin da ke hannunka ka ɗauki nauyin sakamakon. An horar da ni a kan haka shekara da shekaru har ya zama jinina. Dokar shaida ta 2011 kuwa cewa take abin da ka sani daban, abin da za ka iya tabbatarwa daban. Wane ya ce min wane ya ce ba ya shiga sai a wuraren da doka ta keɓe. Iƙirarin da aka samo ta hanyar azabtarwa ba ya shiga, sashe na 29 kenan, ko da abin da mutumin ya faɗa gaskiya ne. Kuma a laifi nauyin hujja yana kan mai tuhuma har sai ya kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana. Da farko raina ya ƙi, na yi ta gardama da malamar, ina cewa Malama to in kowa ya san shi ya yi fa? Ta ce min, Baba, su waye kowa, kira su su zo su rantse a yi musu tambayoyi. Na koma ɗaki na kasa barci, domin taron nan na Monrobiya da ke ihu a ba su yaro su ma cewa suke kowa ya sani. Daga ranar na daina gardama na fara karatun da gaske, kuma a kwas ɗin na fi samun maki.

Muna cikin karatun ne aka yi manyan shari'o'in soja na 2014, a Satumba aka yanke wa soja 12 hukuncin kisa kan bore a Maiduguri, a Disamba aka yanke wa wasu 54, daga baya a ƙarshen 2015 rundunar ta sassauta wa 66 zuwa ɗaurin shekara 10. Na bi labarin da zuciya biyu, domin a matsayina na tsohon kwamanda na san rundunar da babu ɗa'a a cikinta ta fi abokan gaba haɗari ga farar hula, a matsayina na ɗalibin doka kuma na san sashe na 36 na kundin tsarin mulki, wanda ya ba kowa haƙƙin a yi masa shari'ar adalci, bai ce ban da soja ba. A kan dokar rundunonin soja na rubuta kundin kammala digirina, kuma tun lokacin na san aikin da zan yi in na fito.

Lo sukul shekara ɗaya ce amma ta fi shekara huɗun jami'a matsi. An kafa ta da dokar 1962 ta fara a Legas da ɗalibai takwas, a lokacinmu tana da rassa a Bwari da Legas da Inugu da Bagauda ta Kano da Yola da Yenagoa, kuma ba kai ke da ta cewa kan inda za a tura ka ba. Wannan bai dame ni ba, soja ya saba a tura shi. Baƙi da fari kullum, sa hannun halarta kullum, aikin rukuni kullum da yamma a shirya abin da za a gabatar gobe, kuma malami yana iya kiran lambar kowa ya tashi ya yi bayani a gaban ɗaruruwan mutane. Kwas biyar ne, shari'ar laifuka, shari'ar da ba ta laifi ba, harkar filaye da kadarori, harkar kamfanoni, da ladubban aikin lauya. Na laifuka ya zo min da sauƙi, na kamfanoni kuwa na sha fama da shi don duniyar hannun jari da taron daraktoci ban taɓa shiga cikinta ba, wani yaro ɗan rukuninmu ne ya zaunar da ni yana zana min a takarda har na gane. Akwai kuma liyafar cin abinci uku ta dole da manyan lauyoyi da alƙalai, wanda bai halarta ba ba za a rantsar da shi ba, tsarinta ya tuna min da liyafar mes, wato ɗakin cin abincin hafsoshi.

Tsakiyar shekara aka tura mu koyon aiki, da farko kotu sannan ofishin lauya, kana rubuta abin da ka gani a littafi kullum ana sa maka hannu, in ka dawo ka tsaya gaban malamai ka kare shi. A babbar kotun da aka tura ni na zauna a baya ina kallon yadda gogaggen lauya yake yi wa shaida tambayar ƙure, ba tsawa ba zare ido, tambaya ƙarama bayan ƙarama har shaidan ya tsinci kansa ya ƙaryata abin da ya faɗa da farko. Ni da na saba tambayar soja da murya sama sai na ga ashe muryar ba ta fitar da gaskiya, tsoro take fitarwa, mutum ya faɗa maka abin da kake son ji.

Jarrabawar ƙarshe ana fara ta da ta zaɓi-amsa, sannan takardu biyar a jere cikin mako ɗaya, kuma a lokacinmu da mafi ƙarancin makinka ake auna darajar sakamakonka, wato ko ka yi zarra a huɗu in ɗaya ya ja ka ƙasa shi ne matsayinka. Saboda haka dokar kamfanonin nan da ba na so ita na fi ba wa dare. Ga mai shekaru irin nawa shawarata ɗaya ce, kar ka gwada kwanan zaune irin na yara, jiki ba zai ɗauka ba, ni bayan asuba nake karatuna mai nauyi in kwanta da wuri.

Da sakamako ya fito na ci, sai maganar rantsarwa. Wannan ba a hannun makaranta take ba, a hannun Body of Benchers take, majalisar manyan alƙalai da lauyoyi, su ne ke duba ko mutum ya cancanta ta fuskar hali, kuma sai biyu daga cikinsu sun sa hannu a fom ɗinka. Ana tambayar ko an taɓa samunka da laifi ko an taɓa korarka daga aiki, to a nan takardar sallamata ta soja mai tsabta ta yi min rana. A Abuja aka yi bikin, muka sa baƙar riga da hular gashin nan, daga nan muka wuce Kotun Ƙoli aka sa sunayenmu a kundin lauyoyi. Hidimar ƙasa ba ta hau kaina ba. Sai kuɗin izinin aiki na shekara-shekara da hatimin ƙungiyar lauyoyi ta NBA da ake liƙawa a duk takardar da za ka shigar kotu.

Wani abu da ya kamata abokaina su sani, a aikin lauya girma da shekarar rantsarwa ake ƙirga shi. Yarinyar da aka rantsar shekara ɗaya kafin ni gaba take da ni a kotu, ita za ta fara kiran shari'arta, ni in jira, manyan lauyoyi masu lambar girma ta SAN kuwa su ne a layin gaba. Na shiga ofishin wani lauya da na girme shi nesa ba kusa ba, ina ɗaukar masa fayil ina ce masa Oga yana ce min Ranka ya daɗe, muka zauna lafiya na koyi aiki sosai a hannunsa. Wannan tsarin bai yi min ciwo ba don a soja ma wanda ya riga ka samun igiya ko da kwana ɗaya ne kai za ka sara masa.

Shari'ar da ta nuna min cewa shekarun kakina ba su tafi a banza ba ita ce ta wani las kofur da mahaifiyarsa ta zo ofishinmu tana kuka. Ana tuhumarsa a kotun soja da gudu daga aiki, sashe na 60 na dokar rundunonin soja, wai an kai wa sansaninsu hari da dare, da gari ya waye aka ƙirga babu shi, sai bayan wani lokaci mai tsawo aka gan shi. Gudu daga aiki laifi ne mai nauyi, kuma abin da ya raba shi da fashin aiki ba izini na sashe na 59 shi ne niyya, sai an nuna mutum ya tafi ne da nufin ba zai dawo ba ko don ya kauce wa fagen daga. Na je gadirum, ɗakin da ake tsare sojoji, na gan shi, da na shigo ya miƙe ya ƙame, na ce zauna ɗana, yau ba kwamandanka ba ne ni, lauyanka ne, faɗa min komai har wanda kake jin kunyarsa. Ya ce da aka tarwatsa su ya rabu da 'yan uwansa da rauni a cinya, ya yi ta tafiya a daji har ya faɗa hannun wata runduna daban, suka kai shi asibiti, da aka sallame shi kuma maimakon ya koma sai ya wuce wajen mahaifiyarsa ya yi jinya.

Lauyan da bai taɓa zama a bataliya ba zai iya tsayawa a kan maganar yaron kawai, ni kuwa na san littattafan da kowace runduna take ajiyewa ko ana ruwan wuta, takardar ƙirgar mutane ta kowace safiya, littafin saƙonnin sigina, rahoton waɗanda suka ji rauni, littafin karɓar marasa lafiya na asibitin soja. Na nemi kotu ta sa a kawo su. A littafin siginar waccan rundunar muka sami saƙon da suka aika cewa sun tsinci soja ɗaya mai rauni da bindigarsa a hannu, ga lambarsa, saƙon dai a ruɗanin ranakun nan bai isa inda ya kamata ba. Wanda ya yi niyyar gudu ba ya ɗaukar bindigar gwamnati ya kai kansa wajen sojoji, haka na faɗa wa kotun, kuma da na zo yi wa hafsan da ya ba da shaida tambayoyi ban ɗaga murya ba, na tambaye shi tsarin da shi ma ya sani, in sansani ya tarwatse ina aka koya wa soja ya nufa? Ya ce runduna mafi kusa. Na ce na gode, ba ni da sauran tambaya.

Ban ce wa kotun yaron ba shi da laifi gaba ɗaya ba, don kwanakin da ya yi a gida bayan asibiti babu izini a kansu, shi ma na faɗa masa haka tun a gadirum. Mambobin suka shiga shawara, na san yadda ake yi a ciki don na zauna a wannan kujerar, ƙarami a muƙami shi yake fara faɗin ra'ayinsa don kar na sama ya rinjaye shi. Suka fito suka wanke shi daga gudu, suka same shi da fashin aiki ba izini. Hukuncin kotun soja ba ya tabbata sai hukumar da ke sama ta tabbatar da shi, bayan nan kuma akwai hanyar zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara har Kotun Ƙoli in ta kama, to na rubuta roƙon sassauci na haɗa da rahoton likita da kwafin saƙon siginar na miƙa kafin a tabbatar. An rage masa hukuncin zuwa rage igiya, bai rasa aikinsa ba, yanzu haka ya koma bataliyarsa, mahaifiyar kuma ta turo min wasu iyaye biyu da 'ya'yansu ke tsare, fayilolinsu ne a gabana wannan makon.